Sakainar da Na Liƙa a Cikin Roka

Ranar da aka kawo roka makarantarmu ta yaƙi da jahilci a Kalgo, shugaban makarantar ya ce ajin maza ne zai haɗa ta, mu kuma mata mu dafa shinkafar ranar yaye ɗalibai. Maganar ta ɓata mini rai a ranar, kuma har yau da nake rubuta wannan ban sami dalilin da zai sa in ce ta yi daidai ba.

Na haura arba'in kafin in riƙe fensir. Abin da ya kai ni aji ba wani dogon buri ba ne, gajiya na yi da miƙa wa mutane wayata su duba mini wanda ya kira, suna karanta saƙona kafin ni in ji shi. A Gwandu aka haife ni, aure ya kawo ni Kalgo. Babana gyartai ne, ɗinkin ƙwarya ya ci da mu har ya rasu. Ƙannena maza sun zo a makare, don haka ni ya zaunar kusa da shi ya koya wa riƙon basilla, duk da surutun mutane cewa ba sana'ar mace ba ce. Har yanzu ina yi. Roba ta cinye mana kasuwa, amma matan rugage ba su yarda su zuba nono a roba ba, su ne suka riƙe ni.

Rokar ta zo a cikin wani dogon kwali. Wani tsohon ɗalibin Shugaba ne ya aiko da ita, malamin kimiyya a wata sakandare a Birnin Kebbi. Ya ce mu haɗa ta da hannunmu, ranar yaye ɗalibai zai zo da injinta a harba ta a filin ƙwallo kowa ya gani. Aka tara aji biyu, Shugaba ya buɗe kwalin a kan tebur. Ni na zaci ƙarfe zan gani. Ashe kusan duk kwali ne: babban bututu mai tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, wani ƙaramin bututu da bai fi yatsana tsawo ba, zobba na kwali, ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu, fukafukai na wani katako marar nauyi, hula mai tsini, da laimar leda a naɗe. Sai takardar bayani da Turanci, hotuna sun fi rubutu yawa. Akwai kuma kwanson tsohon inji da aka riga aka harba, babu komai a cikinsa, an sako shi don a riƙa gwada girma.

Da Shugaba ya gama rabon aikinsa na ɗaga hannu, ban jira ya ba ni izini ba.

"Malam, wanga abu kwali ne da gam. Mi ke cikinai da hannun mace ba ya iyawa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk lokacin da yake so in yi shiru Hajiya yake ce mini. "Guda ɗaya ce tak. In ta lalace babu wata."

"To a cikin mazan nan wa ya taɓa haɗa roka? Ya ɗaga hannu mu gan shi."

Ba wanda ya ɗaga. Wani mai facin taya da ke bayan aji ya ce shi ya taɓa kwance injin ban-ruwa. Na ce ya maida shi? Aka fashe da dariya, don duk Kalgo an san injin nan yana nan a kwance a ƙofar shagonsa.

Malamarmu, wadda sa'ar 'yata ta fari ce, ta ja Shugaba gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya dawo sai ya ce an raba: maza za su yi fukafukai da fenti, mata su haɗa ƙananan tarkacen ciki. Na lura da fuskarsa, a ganinsa ya ba mu abin da ba wanda zai gani. Ya ƙara da sharaɗi a gaban kowa: ranar Litinin zai duba aikinmu kafin a liƙa shi cikin babban bututu, in ya ga ɓarna ko ƙanƙanuwa ce, hannunmu ya fita daga rokar, mu koma ga tukunya. Na ce mun ji. Ni na amsa da bakina, a madadin mata goma sha shida da ba su aike ni ba.

Bayan maza sun fita Malama ta ce, "Inna, kin san abin da anka ba ku? Mazaunin inji ne. Shi ke riƙe wutar. In ya saki, injin ya tahi shi kaɗai ya bar rokar a ƙasa da fentinta."

Ranar Alhamis bayan azahar muka kewaye tebur. Malama tana karanta Turancin tana juya mana da Hausa, ni ina aikin hannu, sauran suna riƙe mini abu suna ba ni shawarar da ban nema ba. Wadda ta fi kowa baki ita ce taubashiyata, ɗiyar kawuna, mai suyar kifi a bakin tasha. Tare muka shiga ajin, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin in yi abu cikin kwanciyar hankali ba.

Farko aka ce a auna ƙaramin bututun a yi masa alama uku da fensir. Na sa yatsa zan auna, kamar yadda nake auna tazarar ɗinki. Malama ta ɗora mini rula a hannu.

"Inna, da wannan."

"Yatsan nan ya shekara talatin yana awo bai taɓa ƙarya ba."

"Wanda ya rubuta takardar bai san girman yatsanki ba."

Wannan gaskiya ce, na karɓa. Ranar na fara gane amfanin ƙananan layukan nan da ke tsakanin lambobin rula. Da ina zaton ado ne.

A alama ta farko aka ce a tsaga bututun da reza, tsaga ƙarama daidai faɗin ɗan ƙarfen nan. Na tsaga. Na cusa lanƙwasar ƙarfen ta gaba a ciki, sauran jikinsa ya kwanta a bayan bututun, wutsiyarsa ta leƙo ta baya. Aka ce a naɗe tsakiyarsa da salatif, a bar wutsiyar tana motsi. Nan na tsaya.

"Don mi za a bar shi yana lilo? Ku ba ni zare in ɗaure shi tamau."

Malama ba ta yi gardama da ni ba. Ta ɗauko kwanson nan, ta ɗaga wutsiyar ƙarfen da babban yatsa, ta tura kwanson cikin bututun, ta saki. Ƙarfen ya koma ya kama bakinsa, ƙas! Ta girgiza, bai faɗo ba. Ta sake ɗagawa, ya zame ya fito. Ashe ƙugiya ce, ƙofa ce da ake buɗewa a sa sabon inji a cire tsoho. Na karɓa na yi ta sawa ina cirewa har sau biyar, taubashiyata ta ce, "A ƙwace mata, za ta cinye shi da wasa." Abin ya burge ni ƙwarai. Mutum ya zauna a wata ƙasa da ban san sunanta ba, ya yi tunanin yadda ƙarfe ɗaya zai zama makulli ba tare da mabuɗi ba.

Sai manyan zobba biyu. Su ne za su riƙe ƙaramin bututun a tsakiyar babba, kada injin ya karkace rokar ta nufi gidan mutane. Na baya yana da ɗan gurbi da aka yanke don ƙugiyar ta sami wurin motsi. Na zura su a kan alamominsu, na bi gindinsu da gam da ɗan yatsana, ciki da waje, yadda nake bin bakin ɗinki in toshe shi. Wannan kam ba a koya mini ba. Malama ta duba hoton ta duba nawa ta ce nawa ya fi na hoton kyau, na ce ta maimaita da ƙarfi a ji a ajin maza.

Na ƙarshe wani ɗan zobe ne mai kauri da ke shiga cikin ƙaramin bututun ta gaba, ya tokare injin kada ya wuce. Na shafa gam, na tura shi har ya daki lanƙwasar ƙugiya. Ana cikin haka aka kira la'asar. Malama ta naɗe takardar ta ce sauran shafukan sai Litinin. Da mun karanta shafin ƙarshe a ranar, da ban sami abin rubutawa yau ba.

Ajin namu da safe na 'yan firamare ne, kabad ɗin ajin kuma ɓeraye sun mai da shi gidansu. Saboda haka aka ce in tafi da mazaunin gida ya bushe, tare da kwanson da takardar da sauran gam. Na sa su a langa mai murfi na ɗora bisa kai.

Safiyar Juma'a na fito da shi tsakar gida. Gam ya bushe sarai, zobba sun zauna daram. Sai na yi abin da hannuna ya saba. Babana bai taɓa miƙa wa mai ƙwarya ƙwaryarta ba sai ya ɗaga ta sama ya duba ta da hasken rana. In haske ya ratso ko kamar bakin allura ne, aiki bai ƙare ba, don inda haske ya bi nono zai bi. Na ɗaga mazaunin na leƙa ta baya. Sai ga sararin sama fes ta ɗaya bakin, har da shirwa tana wucewa. Ɗan zoben nan mai kauri da na sa a gaba, tsakiyarsa rami ne wanda ɗan yatsana zai shiga.

Na zauna na yi lissafi irin nawa. Malama ta ce wuta ta baya take fita, ita ke tura rokar sama. To in akwai ƙofa a gaba, ai rabin ƙarfin ta nan zai zurare. Kuma me za a sa a gaban? Laimar leda. Wa ke haɗa leda da wuta a ɗaki ɗaya ya bar ƙofa a buɗe? Na ce lalle akwai marfin da ya kamata ya zo a kwalin, ko dai masu yin ta sun manta, ko mazan nan sun yar da shi ranar da suke ta juya kayan. Na fi karkata ga na biyun, don ya fi mini daɗi.

A duk aikin jiya ba abin da ban tambayi dalilinsa ba. Wannan kaɗai ban tambaya ba, saboda a nan na ga kamar an shigo fagena. Na zaɓi sakaina mai kyau daga tsohuwar ƙwaryar da ta bushe shekara da shekaru. Na fere ta da ƙaramar wuƙata ta zama kamar kwabo, na kankare ta har ta yi siriri, don na lura duk kayan rokar ba su da nauyi. Na gwada, na rage, na sake gwadawa, har ta zauna a bakin zoben kamar tare aka yi su. Na zagaye ta da gam sau biyu. Da ta sha iska na sa baki na hura. Ko numfashi bai wuce ba. Na ɗaga sama, duhu ƙirin.

Da yamma taubashiyata ta shigo da ƙaurin kifinta. Na nuna mata.

"Lallai," in ji ta. "Turawa sun manta, ɗiyar gyartai ta tuna. Ke da ko jirgi ba ki taɓa gani a ƙasa ba."

"Su ma ba su taɓa ɗinke ƙwarya ba."

"Kin tambayi Malama?"

"Mi zan tambaya? Rami dai rami ne, ko a Gwandu ko a Turai."

"To Allah shi sa. In ta tashi ki ce ta gaida mini wata da taurari."

Ranar Asabar nakan je Gwandu karɓar aiki. Na shiga mota ta Birnin Kebbi, daga Gwandu na hau mashin zuwa wata ruga kusa da Malisa, inda wata tsohuwar ƙawata Bafulatana take tara mini fasassun ƙore na matan wurin. Tun zamanin babana muke tare. Na ƙulle kwanson injin a bakin gyalena, don kawai in nuna mata in ga yadda za ta yi da fuska.

Muka zauna a inuwa, ni da basilla, ita da gyanɗama a cinya tana kaɗa nono don ta fid da mai. Ta toshe bakin gyanɗamar da totuwar masara. Na kwance kwanson na miƙa mata. Ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan bai daina kaɗawa ba. Ta shinshina.

"Albarushi," ta ce. "Gyartai, kin koma farauta?"

Na ba ta labarin roka, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ta saurara tana juya abin. Ta sa ɗan yatsa a baki ɗaya, ta sa a ɗayan, ta goge a zanenta.

"Wagga bindiga taku baki biyu gare ta? Ko'ina baƙi."

Na karɓa na duba. Kwana biyu abin yana hannuna, na sa shi na cire shi ban san sau nawa ba, amma ban taɓa kallonsa don kansa ba. Bakin baya an toshe shi da wani abu kamar yumɓu, da ɗan rami a tsakiya kamar ƙofar hanci. Nan wuta ke fita, wannan na sani. Amma bakin gaba a wangale yake, gefensa ya babbake, cikinsa duk toka. Na duba gyalena inda na ƙulle shi, tabo biyu ne baƙaƙe, ɗaya a kowane gefe. To wa ya ƙona gaban? In wutar kuskure ce ta zurare, me ya sa masu yin injin suka toshe baya da yumɓu da kyau haka, suka bar gaba? Mutanen da suka yi tunanin ƙugiyar nan ba su yi kama da masu mantuwa sau biyu a wuri ɗaya ba.

Ina cikin wannan sai na ji fau! Totuwar ta tashi daga bakin gyanɗama ta daki reshen da ke samanmu, ta faɗo kan wata kaza, nono ya fantsamo mini a fuska. Ƙawata ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Laifinki ne! Kin ɗauke mini hankali da bindigarki, ban buɗe mata ta yi numfashi ba."

Na san wannan tun ina yarinya. In ana kaɗa nono iska takan taru a ciki, sai an riƙa zare totuwa lokaci-lokaci. Na gani sau ɗari ban taɓa tsayawa a kai ba. Amma a ranar, da kwanson a hannuna da nono yana ɗiga daga haɓata, sai na tuna hular rokar mai tsini. Ranar da aka buɗe kwali na ga Shugaba ya sa ta a bakin babban bututu ya cire, Malama ta ce ita ba a sa mata gam.

"Ke," na ce, "in kinka danna totuwar da ƙarfi yadda ba ta iya fita, mi zai faru?"

"Sai ta nemi wata hanya. Ta tsage ta gindi. Kuma ke kin san gyanɗama ba ta ɗinkuwa."

Ban gama aikin ranar ba. Na tattara ƙoren da suka rage a buhu na ce sai wani mako. A mota mutane suna ta hirar tsadar taki, ni ina juya kwanso a cikin gyale.

Na iso gida da sauran rana. Ko ruwa ban sha ba na buɗe langa na shimfiɗa takardar a tabarma, na juya zuwa shafin ƙarshe da ba mu kai ba. Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa da sunayen ranaku ba. Na bi kalmomin da yatsa ina haɗa baƙaƙe, na fid da sautinsu, ma'ana kuwa babu. Amma hotunan da Hausa suke. Na farko, roka a tsaye a kan sanda. Na biyu, ta tashi, wuta a gindinta. Na uku, tana can sama, wutar ta mutu, sai ɗan hayaƙi. Na huɗu, ta fara karkata, kuma ga wani ɗan gajimare an zana a bakinta na gaba, hula ta yi tsalle, laima tana fitowa. Na biyar, tana saukowa a hankali a ƙarƙashin laimarta kamar mai zuwa biki.

Na daɗe a kan hoto na huɗu. Babu mutum a can sama da zai zare hular. Ashe injin aiki biyu gare shi. Ya tura ta baya har ƙarfinsa ya ƙare, ya ɗan jira, sannan ya yi tari guda ta gaba, iskar ta bi ta ramin zoben nan ta ture laima da hula waje. Don in tabbatar na karyo reshen gwanda, wanda cikinsa rami ne, na cusa auduga a baki ɗaya na hura ta ɗayan. Audugar ta tashi ta faɗa cikin kwatarniya. Na yi sau uku, ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta tsinci abu. Sai dariyar ta tsaya, don na tuna abin da ke cikin langa. Ramin da aka bari da gangan, ƙofar da ran rokar ya rataya a kanta, ni na toshe shi da sakainar Gwandu, da gam zagaye biyu. In aka harba ta haka, ko dai ta fashe a sama, ko ta juyo da tsininta ta caki ƙasa a gaban duk mutanen Kalgo.

Na ɗauko basilla na taɓa gefen sakainar. Ko motsi. Na ɗan ƙara ƙarfi, sai na ga kwalin bututun ya fara tashi kamar ɓawon albasa. Na janye hannu. Aikina ne, na san ba ya fita da wasa.

Taubashiyata ta leƙo kafin magariba ta same ni zaune da abin a gaba. Na gaya mata duka. Na zaci za ta yi mini dariyar shekara, kuma ta yi kaɗan, amma sai ta zauna ta rage murya.

"Ji nan. Shugaba waje zai duba, zobba da gam. Wa zai leƙa ciki in ba ke ba? Ran Litinin a liƙa shi cikin babban bututu, magana ta mutu. In ta faɗo, fukafukan maza ne sunka karkace."

"Rokar fa?"

"Rokar ɗiyarki ce? Ke kinka tsaya gaban maza kinka amsa sharaɗi da sunanmu. In kinka faɗa, ba ke kaɗai za a maida ga tukunya ba. Ko kuma ki kwakule ta a hankali yanzu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Ba zan ɓoye ba, shawara ta biyun ta shige ni. Ta farkon ma ta ɗan tsaya mini a rai, don na hango fuskar mai facin taya. Amma abu biyu suka hana ni. Na ɗaya, jiya ma tabbas nake da shi lokacin da nake fere sakainar, kamar yadda nake da tabbas yanzu. Hoto na karanta da gyanɗama, ban karanta rubutun ba. Kuma har yanzu ban san abin da ke hana tarin nan ƙona laimar leda ba, tambayata ta farko tana nan ba a amsa ta ba. In na sake sa wuƙa a kayan mutane bisa zato, ban koyi komai ba ke nan. Na biyu, ƙa'idar babana. In basillarsa ta zame ta yi sabuwar tsaga a ƙwaryar wata, ba ya ɗinkewa sai ya kira mai ita ya nuna mata, ya ce wannan taki ce kinka zo da ita, wannan tawa ce. Na taɓa tambayarsa dalili, tunda in ya ɗinke ba za ta gane ba. Ya ce ita ce za ta ɗauki ƙwaryar da nono a ka, ya kamata ta san inda ba ta da ƙarfi.

"Za su ce mata sun ɓata," in ji taubashiyata.

"Mace ɗaya ta ɓata. Ita kuma ta gano, ba wanda ya gaya mata. Su faɗi duka biyun."

"Kai, ɗiyar gyartai! Taurin kai kamar gindin turmi." Ta tashi ta gyara ɗaurin zane. A bakin ƙofa ta juyo. "In za ki, ki biyo ta tasha. Ba na bari ki ci kunyar nan ke kaɗai, ina so in gani da idona."

Washegari Lahadi, da hantsi, na yago takarda daga littafina na rubuta tambayoyi uku da hannuna. Ramin nan na iskar da ke ture hula ne? Me ke tsare laima daga wuta? In an jiƙa gam da ɗan ruwan ɗumi zai saki ba tare da kwalin ya lalace ba? Na sa mazaunin a langa da sakainarsa a ciki yadda take, na haɗa da kwanson da takardar bayani, na naɗe basilla da ƙaramar wuƙa a tsumma. Na biya ta tasha, taubashiyata ta bar wa maƙwabciyarta kaskon kifi ta biyo ni tana mita.

Muka sami Malama tana shanya wanki. Ta ga langa a kaina, ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti.

"Inna, lafiya? Ya karye?"

"Bai karye ba, ɗiyata. Na ƙara mishi abin da ba a ce ba." Na buɗe langa na miƙa mata. "Ɗaga shi sama ki leƙa. In kin gama, ki karanta mini shafin ƙarshe kalma-kalma. Sannan ki ɗauko mayafinki mu tahi gidan Shugaba, a gabansa nake so in cire sakainar da na liƙa."